Gidan tsofaffin hafsoshin soja: shekara ɗaya da wata biyu da komawar Baba da Mama

Tun da aka ji su Baba sun koma rukunin gidajen hafsoshin soja masu ritaya nake shan tambaya, wasu ma har da guntun zargi a baki wai mun kai iyayenmu gidan gajiyayyu mun ajiye. Toh bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunan wurin ba saboda akwai ƙorafi a ciki.

Baba ya yi ritaya yana Kanar. Mutumin da ya saba da asuba ana ƙame masa ana jiran umarni, sai ga shi a falo daga shi sai rimot, yana faɗa da mai gadi a kan yadda ake rufe get. Wallahi mun ga yadda yake zubewa a hankali, ba ciwo ba ne, rashin abokan hira ne da suka san yarensa. Amma da aka kawo maganar wurin nan tsalle ya yi ya dire, ya ce shi ba za a sa masa jar kwat a riƙa ɗaukar sa hoto ba. Ashe Royal Hospital Chelsea na Landan yake hangowa, gidan tsofaffin soja masu sa jar kwat, wanda Sarki Charles II ya kafa a 1682 tsofaffin soja suka fara shiga a 1692, ko kuma Invalides na Paris da Louis XIV ya ba da umarnin ginawa a 1670. Waɗancan an yi su ne don sojan da ya tsufa ko ya naƙasa, kuma na Chelsea har yau mutum shi kaɗai yake shiga ba da iyali ba, ya miƙa fanshonsa na soja a riƙe shi. Irin namu daban ne, ya fi kama da Knollwood na Washington da aka buɗe a 1962, wanda asalinsa ma don matan hafsoshin da mazansu suka rasu aka yi shi. Wannan maganar ce ta sa Mama ta saka baki, shi ke nan magana ta ƙare.

Tsarin wurin kashi uku ne. Akwai ɓangaren masu sauran ƙarfi, kowa da fulat ɗinsa da makullinsa, ya fita ya dawo lokacin da ya ga dama, a nan su Baba suke. Akwai na waɗanda sai an taimaka musu da wanka da shan magani, sai na masu jinya sosai da masu ciwon mantuwa, shi wannan a rufe yake da nas dare da rana. Amfanin haka shi ne in jikin ɗaya ya yi rauni ba sai an raba miji da mata gari da gari ba, tsallaka fili kawai za ka yi ka same shi.

Fulat ɗin ɗaki biyu ne da falo, ba wani girma ba, sai da Mama ta rabar da rabin kayanta tana mita. Amma an yi shi da tunani, ƙofofi masu faɗi da keken marasa lafiya zai wuce, banɗaki ba tudu a bakinsa, ƙarfen riƙewa a bango, da wata jar igiya da ta sauko har kusan ƙasa don ko faɗuwa mutum ya yi hannunsa ya kai. Mun gwada ta ba da niyya ba, ɗana ne ya ja ta yana wasa, kafin in gama yi masa faɗa nas ta ƙwanƙwasa ƙofa da jakarta a hannu. Kunya kamar in nutse, amma a raina na ji daɗi.

Abin da ya fi komai a wajena kuwa ba ginin ba ne. Ranar farko a lifta wani tsoho da sanda ya kalli Baba ya tambaye shi kwas na nawa, suka tsaya lissafin wa ya riga wa shiga makarantar hafsoshi, lifta ta kai su bene na uku ta dawo da su ƙasa ba su fita ba. Yanzu kullum da safe suna zagaya fili su biyar a jere kamar masu fareti, kuma Baba ya koma aske gemu kullum da goge takalmi. Mama ta ce min,

"Ke dai bari, na samu lafiya, yanzu Manjo yake ba wa umarni ba ni ba."

Toh amma muƙami bai mutu ba a wurin nan ko kaɗan. A takarda kowa mazauni ne, a zahiri Janar Janar ne, teburinsa daban a kulob, kuma abin har ya shafi matan, matar Kyaftin ta san inda za ta zauna. Mama da ta yi shekara talatin tana wannan rayuwar a bariki ko a jikinta, ni ce abin yake ba wa haushi.

Ga inda suka ɓata min rai. Tallarsu ta ce hafsoshi da iyalansu, amma in ka karanta yarjejeniya iyali na nufin mata ko miji kawai. 'Ya'ya da jikoki baƙi ne, akwai iya kwanakin da za su yi a shekara, kuma sai an cike fom. Ƙanwata ta zo jinyar Mama bayan aikin gwiwa, kwanakin suka ƙare, sai da Baba ya rubuta takarda har sau biyu kafin ofis su ƙara mata, matar da ke kan teburin kuma tana magana kamar alfarma take mana. Sannan kuɗi kashi biyu ne, na shiga mai nauyi da ake biya sau ɗaya da kuma na wata wata, shi na watan suna da ikon ƙara shi duk shekara, kuma sun ƙara, fansho kuwa bai motsa da saurin nan ba. Duk mai niyya ya tambaye su a rubuce nawa ake mayarwa daga kuɗin shiga in mutum ya fasa ko ya rasu, ko kuɗin wata yana canzawa in an koma ɓangaren jinya, da kuma ko matar za ta ci gaba da zama a fulat ɗin bayan ran mijin. Namu na ƙarshen eh ne, na sa lauya ya duba sakin layin sau biyu kafin Baba ya sa hannu.

Gyara ma suna da jan ƙafa, famfon kicin ya yi kwana tara yana ɗiga. Tsafta da tsaro dai ba abin cewa.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su. Baba da na faɗa masa cewa ya yi uku da rabi ya ishe su, kuma ya riga ya shiga kwamitin mazauna, maganar kwanakin baƙi ce ta farko a ajandar zaman wata mai zuwa.