Pepiniyar dattijon hanyar Mirya, ga masu neman itatuwan gida

Masu tambaya ina za su samu ɗiyan itace kafin 3 ga watan Agusta, ranar dashe, ni dai shawarata ku leƙa wata pepiniya, wato wurin renon ɗiyan itace, da ke bakin hanyar Mirya, kana fita Damagaram kaɗan. Babu allo babu suna, shingen ƙaya ne kawai da layukan baƙar leda ƙarƙashin rumfar zana, wani dattijo ke riƙe da ita shi da yaransa. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne yawancin wuraren da na sani cikin gari bedi ne da turare da mangwaro shi ke nan, amma nan akwai gawo, aduwa, kalgo, kuka, tsamiya, bagaruwa, kanya, har da magarya mai aure wadda 'ya'yanta ke yin manya. Kuɗin ma da sauƙi, dala arba'in leda ɗaya na saya, magaryar ce kawai ta kai jika.

Amma gaskiya ba araha ce ta sa nake yabon wurin ba, mutumin ne. Ba ya miƙa maka leda sai ya tambaye ka ina za ka dasa, gida ne ko gona, jigawa ce ko fadama, akwai awaki ko babu. Kuma kowane icce sai ya faɗa maka wa ke ci daga jikinsa. Ya tsaya da ni kan kuka ya ce furenta da dare yake buɗewa, jemage ke zuwa shan ruwan furen yana kwasar garin furen daga wannan kuka zuwa waccan, to idan yara suka kore jemagu da danƙo kukar za ta yi fure amma 'ya'ya su yi ƙaranci. Ga Mirya nan kusa cike da kukoki, mutane nawa ne ke cin abinci da ganyen da 'ya'yan, amma wa ke tuna jemage? Haka shamuwa, tana son babban icce ta yi sheƙa farkon damina, kuma abincinta fara ne da tsutsa, wato duk garin da ya sare manyan itatuwansa ya kori mai yi masa maganin fara kyauta.

Kan gawo kam sai da muka zauna. Kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye lokacin da hatsi ke son rana, da rani kuma ya yi kore shar lokacin da komai ya bushe. Ganyen da ya zuba taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobi su zo inuwarsa su ci 'ya'yan su bar kashi a wurin, furensa na fitowa bayan damina daidai lokacin da ƙudan zuma ke rasa abinci, shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau ko da gona ɗaya ce. Ba banza ba ake ba da labarin Sarki Tanimun ya kafa hukunci mai tsanani kan duk wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram. Abin da ya burge ni, na ce masa Baba ina son gawo na kai gona, sai ya ce ɗana, gonarka babu kututture mai tsiro? Idan akwai, ajiye kuɗinka, ka je ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka sassabe sauran ka kare su, zai riga na leda girma nesa ba kusa ba don saiwarsa ta riga ta kai ruwa. Mai saida abu ne fa yake hana ka saya! Kuma gaskiyarsa, wannan shi ne sassaben zamani da ya soma yaɗuwa daga Maradi wajen 1983, bayan fari na 1973 kuma ana dab da na 1984, wanda ake lissafin ya mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar, kuma Magarya da Matamai da Mirya na cikin wuraren da abin ya fi kamawa.

Ni abin da ke damuna shi ne idan aka ce kare namun daji sai tunaninmu ya tafi can Termit da Tin Tumma, gandun da aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 a lokacin, inda sauran dangin barewa irin su adaks mai murɗaɗɗen ƙaho da mena suka rage 'yan kaɗan. Wannan dole ne a kare su, menar nan fa da sunanta ake kiran ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu. Amma bushiya da zomo da damo da kurciya da ungulu da ke ɓacewa a bayan garinmu fa? Dabba ba ta zama inda babu abinci da mafaka, kuma abincinta na jikin itatuwan da ta saba da su ne. Bedi daga Indiya ya zo, turare daga Ostireliya, ban ce a daina dasa su ba, inuwar bedi ta yi wa titunanmu rana, amma gari duk bedi ba daji ba ne.

Sai abin da bai yi min ba. Wasu ɗiyan sun daɗe cikin leda har saiwar ta naɗe a gindi kamar gammo, irin wannan ko ya kama ba ya nisa, musamman gawo da aduwa masu doguwar saiwa, don haka ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta kafin ka biya, kuma kar ka ruɗu da tsawo, ƙaramin ya fi. Babu rubutu a kan layukan, idan dattijon ya tafi masallaci ƙaramin yaron na iya ba ka bagaruwa a madadin wani. Matsalar ruwan Damagaram ta shafe su su ma, a jarka suke saye, layin can baya duk ya yi yaushi. Sannan yagaggun ledoji a warwatse bayan shinge inda awakin unguwa ke kiwo, wannan ya ɓata min rai sosai a wuri irin wannan, na faɗa masa kuma ya karɓa da kyau ya sa yaran su tattara.

Ba sa kai kaya gida, sai ka zo da kwali ka nemi adaidaita ko amalanke, kabu-kabu na karya su a hanya. Ka je da sassafe lokacin ban ruwa za ka same shi da kansa, ka jira damina ta zauna sosai kafin dashe, ka yanke gindin ledar da reza, kuma ka tanadi ƙayar kewaye tun kafin ka haƙa rami.