Garejin Agege da ya ceto injin babur ɗina bayan ya sha ruwa a hanyar Itoikin

Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan sharhi, domin babu yadda zan yi bayanin aikin da wani garejin gyaran manyan babura da ke Agege ya yi mini ba tare da na fara tona wautar da ni kaina na tafka ba. Garejin yana wani lungu tsakanin gadar Pen Cinema da mayankar Oko-Oba. Rumfar kwano ce da ba ta da allon suna, kuma maigidan, mutumin Zariya da ya daɗe a Legas, ya fara ne da gyaran baburan 'yan acaba. Tun da gwamnatin jihar ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a watan Fabrairun 2020, ta kuma tsananta dokar daga 1 ga Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, sai cinikinsa ya koma kan baburan masu kai saƙo da manyan baburan masu son doguwar tafiya irina.

Babur ɗina Royal Enfield Himalayan ne, ƙirar Indiya, mai inji 411cc, wanda na saya na hannu. An ƙera shi ne saboda hanyar da ba ta da kwalta: tayar gaba inci 21 ce, ta baya inci 17, tazarar da ke tsakanin cikinsa da ƙasa milimita 220, tankinsa yana cin lita 15, nauyinsa kuma ya kusa kilo 200 idan an cika shi da mai. Waɗannan alƙaluma ne suka ruɗe ni, domin na ɗauka cewa babur mai tsayin ƙafa haka ya fi ƙarfin rafin ƙauye. Babur ɗin bai yi laifin komai ba, ya bi inda na nuna masa ne kawai.

A watan Oktoba, lokacin da ruwan sama ya dawo da ƙarfi bayan ɗan sararawar da yake yi a Agusta, na bar Agege bayan sallar asuba tare da wani abokina, kowa a kan nasa babur, muka bi ta Ikorodu da Imota da Agbowa da niyyar mu kai Epe mu ci kifi mu dawo kafin magariba. Kafin mu isa Itoikin sai muka sauka daga kwalta muka kama wata hanyar jar ƙasa da tifofin yashi suka farfasa, ba don komai ba sai don mu ga inda ta nufa. Ba mu yi nisa ba muka tarar da rafi ya yanke hanyar, faɗinsa bai wuce taku goma sha biyar ba, ruwansa launin koko ne, ba a ganin ƙasansa. Na ga sawun tayoyin babura ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan, sai na ce a raina tun da ƙananan babura suna ƙetarewa, nawa ba zai gagara ba. Abin da ban sani ba shi ne, mutanen wurin suna raɓawa ne ta hannun dama, inda ragowar wani tsohon kwalbati ya yi tudu, tsakiyar kuwa tayoyin tifa sun haƙa ta sun bar rami. Tayar gaba ta faɗa, babur ya kwanta ta hagu, injin ya yi tari sau biyu ya mutu, ni kuma na miƙe ruwa ya kawo mini ƙugu. Da muka jawo shi waje da taimakon wasu samarin ƙauyen, sai na danna sitata sau ɗaya, ta yi ƙas ta tsaya, abokina ya riƙe mini hannu. Sai da muka koma bakin kwalta kafin waya ta samu sabis, muka nemo a-kori-kura, ba mu shiga Agege ba sai bayan isha'i.

Washegari da safe, kafin maigidan garejin ya taɓa ko da kusa ɗaya, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, sau nawa ka danna sitata bayan ya mutu?" Na ce, "Sau ɗaya ne, Maigida." Ya ce, "To, Allah ya sa ɗayan nan bai yi ɓarna ba." Daga nan ya zare makullin ya sa a aljihunsa, ya gargaɗi yaransa cewa kada wanda ya kuskura ya gwada tayar da shi.

Wannan tambaya ita ce ta fara sa na amince da wurin, kuma a kanta nake auna duk wani bakanike yanzu. Fistin yana matse iska da mai ne a cikin silinda kafin fulogi ya ba da wuta, kuma iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. A injin irin nawa, wanda yake matse iska kashi 9.5 zuwa kashi 1, sararin da ya rage a saman fistin idan ya kai ƙarshen hawansa bai kai mililita 50 ba, wato cokalin cin abinci uku da ɗoriya. Idan ruwan da ya fi haka ya biyo ta iyakilina, wato matatar iskar inji, ya shiga silinda, fistin zai taso ya ci karo da abin da ba ya ja da baya, ƙarfin kuma sai ya huce a kan konrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwasa shi, ko ya fasa fistin ɗin kansa. Bakaniken da zai ce a sa sabon batir a yi ta dannawa, ko a tura babur a gangara har ya kama, yana iya mayar da aikin kwana biyu ya zama na sauke inji gaba ɗaya.

A gabana aka yi rabin aikin, kuma tsarinsa ya burge ni. Ya fara cire iyakilina, wadda ta jiƙe sharkaf ta zama kamar burodin da aka tsoma a shayi, ya zubar da ruwan da ya kwanta a akwatinta. Sannan ya kwance fulogi, ya ɗora babur a tsayuwar tsakiya, ya sa babbar giya, ya riƙa juya tayar baya da hannu a hankali har ruwa ya fara tsartuwa ta ramin fulogin. Sai da ya tabbatar injin yana juyawa ba tare da cijewa ba, sannan ya yarda aka yi amfani da sitata domin fitar da saura. Ya ɗiga ɗan baƙin mai a silindar saboda tsatsa, ya sa aka ɗaga gaban babur ɗin ruwan salansa ya zube. Abin da ya bambanta shi da yawancin waɗanda na sani shi ne yana da agogon awon matsin inji, kuma ya iya karanta shi. Ya bayyana mini cewa konrod ɗin da ya ɗan lanƙwashe ba ya hana inji tashi, sai dai ya rage masa matsi ya kuma karye daga baya a tsakiyar titi. Awon ya fito daidai. A ganinsa abin da ya cece ni shi ne a hankali nake tafiya lokacin da na faɗi, kuma sitatar ta tsaya nan take ba ta samu damar tilasta fistin ba.

Baƙin man da ya fito daga injin ya koma launin shayi da madara, alamar ruwa ya gauraya da shi. Sau uku ya canza shi: sau biyu da mai araha, ana barin injin ya yi 'yan mintuna ya ɗumama a juye, na ukun kuma da mai kyau tare da sabuwar filta. Ya dage cewa ko mai arahar ma sai na babur, mai alamar JASO MA, domin kulocin irin wannan babur a cikin baƙin man inji yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Bai tsaya a inji ba. Ya buɗe boris na tayoyi biyu ya wanke ya sake cika su da giris, ya wanke sarƙa, ya kwance birki ya fitar da yashin da ya maƙale, ya juye tankin mai, ya bi soket-soket na wayoyi yana busar da su ɗaya bayan ɗaya. Har taya ya sa aka cire daga kan wili, saboda ruwa yana bi ta ramukan sifok, wato siraran ƙarafan wili, ya kwanta a ciki ya ci ƙarfe a ɓoye. Ya kuma tambaye ni ko ruwan yana da gishiri, domin rafukan da ke kusa da tafkin Legas sukan ɗauki gishiri, musamman da rani, kuma irin wannan ruwa ya fi saurin lalata wayoyi.

Inda garejin ya gaza kuwa shi ne cika alkawarin lokaci. Kwana uku aka ce mini, sai da aka yi tara. Ba ya ajiye kayan gyaran manyan babura, kome sai an aiki yaro kasuwar Ladipo a Mushin, kuma sau biyu yaron yana dawowa da iyakilinar da ba ta shiga ba. Jinkirin bai dame ni ba kamar shirun da ya biyo shi, domin in na kira waya ba a ɗauka, sai na tako da ƙafata. Babu rasit, babu rubutaccen lissafi, da baki aka yi ciniki, kuma a ranar karɓa sai ga ƙarin kuɗin motar yaro da na giris da ba a ambata ba da farko. Kuɗin aikin ya kusa ninka abin da na saba biya a wasu wurare. Ban yi ƙorafi a kan wannan ba idan na tuna abin da sauke inji zai ci, amma mutumin da ya iya aiki haka ya kamata ya iya riƙe littafi da biro. Yaran ma suna bukatar a riƙa bin bayansu, domin a gida na gano kusa ɗaya ta murfin gefe babu ita.

Ranar da na je ɗauka, maigidan ya ɗauko alli ya ja layi a jikin babur ɗin daidai inda bakin iyakilina yake, a ƙasan wurin zama, ya ce, "Alhaji, nan ne hancinsa, in ruwa ya kai nan an gama magana." Amma ya ce kada in jira har ruwa ya kai wannan layi, da zarar ya haura cibiyar taya in sauka in taka da ƙafa tukuna, da sanda a hannu, in lalubo rami da dutse da taɓo, in kuma duba gaɓar da zan fita ko tana da santsi. Ya ce a shiga da giya ta ɗaya, a riƙe totur daidai ba tare da canza giya a tsakiyar ruwa ba, kuma in an ji babur zai kwanta a kashe injin kafin ya taɓa ruwa, domin injin da yake a kashe ba ya zuƙa. Bayan an fita a riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe. Ya ja kunnena musamman a kan kwalbatin siminti da ruwa ke bi ta kansa, wanda ido ke ganinsa sumul alhali gansakuka ta mayar da shi kamar an shafa sabulu.

Zurfi shi ne abin da mahayi ke kallo, amma gudun ruwan ya fi shi haɗari. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa kilo 1,000 ne, kuma hukumar yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota. Babur da akwatunan kaya a gefe biyu ya zama bango ne da ruwa zai tura. A wannan yanki ma ba sai an ga hadari ruwa ke ƙaruwa ba. Mazauna Isheri da Agiliti da Mile 12 sun san yadda kogin Ogun ke cika ya shigo musu gida idan aka saki ruwan madatsar Oyan, ko da rana tana haske a Legas. Ga kuma tsargiya, wadda tsutsarta ke shiga ta fata a ruwan rafi, abin da ya sa na je asibiti aka duba ni bayan 'yan makonni. Lambobin gaggawa na 112 da 767 suna aiki ne kawai inda waya ke da sabis, kuma a wancan rafi babu. Da ni kaɗai ne, kuma da babur ya danne mini ƙafa a cikin ruwan, babu wanda zan kira.

Duk wanda babur ɗinsa ya sha ruwa a ɓangaren Agege, ina ba shi shawarar ya kai shi irin wannan hannu a kan a-kori-kura ba tare da ya taɓa sitata ba, ya nemi a rubuta masa lissafi tun ranar farko, kuma in zai iya ya je Ladipo da tsohuwar iyakilinar a hannunsa ya sayo sabuwar da kansa. Na koma garejin bayan na yi kilomita 500 kamar yadda maigidan ya bukata, ya juye baƙin man a faranti ya duba shi a hasken rana, ya fito baƙi wuluk babu alamar fari. Birkin baya yana ɗan ƙara da safe, ya ce zai daina in ya goge. Kusar murfin gefe kuwa har yau yaron yana cewa zai nemo mini, ni kuma na ɗaure wurin da waya.