Make kai tsaye ko kunshin deb: amsa ga ɗan'uwanmu na Tahoua

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka gyara layuka kaɗan a kod ɗin nano, manhajar gyara rubutu, a kan Ubuntu, kana son ka sake gina shi, kana tambayar wace hanya ta fi: ./configure da make, ko kuwa gina kunshin deb, irin fayil ɗin da Ubuntu ke girka manhaja da shi. To, kowace da inda take cin tuwonta.

Duka biyun sai an fara tara kayan gini. Ncurses, laburaren da nano ke zana rubutu a allo da shi, na cikin kwamfutarka, amma gcc, mai mai da kod ya zama manhaja, fayilolin .h ɗinsa yake nema, su kuwa suna cikin libncurses-dev. A hanyar configure, kai za ka dinga bi: ya tsaya ya ce babu kaza, ka sauke, ka sake gwadawa. A hanyar deb umarni ɗaya ne, sudo apt-get build-dep nano, muddin ka buɗe deb-src, wato ma'ajiyar kod ɗin tushe. A Ubuntu 24.04 ana yin wannan a /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources, ka mai da layin Types ya koma deb deb-src, sannan apt update. Ko da make za ka bi, yi amfani da build-dep ɗin nan. Da gangan muka rubuta apt-get, domin yana barin abin da ya sauke a /var/cache/apt/archives, shi kuwa apt yana sharewa. Da tsadar data a nan, ka kwashe su a filas ka kai wa wata na'ura.

Ƙarfin make sauri ne. Tun da Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs a 1976, aikinsa bai canja ba: yana duba lokacin da aka taɓa fayil. In fayil ɗin kod (.c) ya fi wanda aka gina daga gare shi (.o) sabunta, ya sake gina wannan kaɗai. Nan ne kuma matsalarsa take, saboda ba ya duba abin da ke ciki. In batirin agogon kwamfuta ya mutu, lokaci ya koma baya, za ka ga gargaɗin Clock skew detected, gyaranka kuma na iya ƙin shiga. In wuta ta ɗauke ana tsakar gini, fayil ɗin .o na iya ragewa rabi amma da sabon lokaci, make ya ɗauka lafiyayye ne, sai wajen haɗawa kuskure mara kan gado ya fito. Maganin duka biyun: daidaita agogo, ka yi make clean, ka sake. A Makefile (fayil ɗin umarnin make) da ka rubuta da hannu kuwa, in ka gyara .h ba abin da ya motsa, ƙara -MMD -MP ga gcc, ka shigar da fayilolin .d da -include.

Abin da ba mu so shi ne sudo make install. Yana zuba fayiloli a /usr/local, dpkg, mai kula da kunshin deb, bai san da su ba, cirewa sai in akwai make uninstall kuma ba ka share wurin ginin ba. Sai ka tashi da nano biyu, na Ubuntu da naka. Duba type -a nano, in bash na kiran tsohon, yi hash -r.

Hanyar deb ta fi tsawo: apt source nano, ka yi gyara, ka ba shi lambar siga taka da dch -l tahoua, sannan dpkg-buildpackage -us -uc -b, ka girka da sudo apt install ../nano_*.deb. Kowane zagaye yana share gini ya fara daga tushe, sai in ka sa -nc. In kana son kunshin tushe ma, sai ka adana gyaran da dpkg-source --commit, in ba haka ba, ginin zai tsaya. Kada ka manta da sudo apt-mark hold nano, don sabuntawa ta gaba za ta danne gyaranka. Amma ka sani, da ka riƙe shi, gyare-gyaren tsaro sun koma wuyanka.

Shawararmu: lokacin gwaji yi make, ka kunna ./src/nano daga inda aka gina shi ba tare da ka girka ba. In gyaran ya zauna, musamman in za ka sa shi a kwamfutocin ofis ko na ɗalibai, gina deb. A zafin Afrilu da Mayu kuma, tsohuwar kwamfuta ta tsaya a make -j2, wato aiki biyu kawai a lokaci guda, kada ta yi zafi ta mutu a tsakiyar aiki.