Gyaran hannun giyar tsohon Peugeot ɗina: Baba ya iya, yaronsa kuwa sai addu'a

Keken nan nawa Peugeot ne ɗan Kwatano, mai giya 10, hannun giyarsa ƙirar kamfanin Simplex a jikin bututun ƙasa. Irin na da ne, tun kafin kamfanin Shimano ya fito da mai ƙas-ƙas, mai maƙalewa a kowace giya, a 1984. Babu abin da ke riƙe da hannun sai matsi: kusa guda mai zobe, da 'yan washa-washa a jere.

To matsin ne ya saki. In na sa giya mai laushi zan hau gadar Ƙofar Nasarawa, sai sifirin na baya ya ja wayar giya, hannun ya zame da kansa, kaca ta faɗa ƙaramin haƙori. Feda ta yi nauyi kamar na ɗauko buhun masara. Na kai wani shagon gyara a unguwarmu, ban tarar da maigidan ba, yaronsa ya ce minti biyar ne. Ya kwance komai a ƙasa, ya labta giris, ya mayar, ya ɗaure zoben da filaya. Zoben da aka yi don yatsa!

Kwana biyu abin ya fi da lalacewa. Duk canjin giya sai kusar ta warware kaɗan, ina tafe ina murɗa ta kamar mai neman tasha a rediyo.

Ranar Asabar na koma da faɗa a bakina, sai na tarar da dattijon. Na ce, "Baba, yaronka ya ƙarasa min keke." Bai tanka ba. Ya shimfiɗa tsumma, ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya yadda suka fito, ya ce, "Malam, matso ka gani." Ashe akwai washa mai kunne da ke maƙalewa don kada kusar ta riƙa juyawa tare da hannun, ita ce yaron bai zaunar a gurbinta ba. Ya wanke giris ɗin tas da kalanzir, ya ce abin da ke aiki da matsi ba a cika shi da santsi, mai kuma wayar ce ke buƙatarsa. Ya ɗaure da yatsu biyu kawai. Wallahi mako uku ke nan giya ba ta zame min ba ko sau ɗaya, har na fara tura masa abokai.

Sai dai jiya da nake goge keken na ga inda filayar ta kankare min fenti daidai gefen tambarin zaki, zoben ma ya karkace. Nan na tuna Baba bai rage min ko sisi ba, sau biyu na biya kuɗin aiki guda, haƙuri ma bai ba ni ba. Zan koma, amma in na hango yaron nan shi kaɗai a shago, wucewa zan yi.