Jikka 75 na biya don a taya ni zaɓar wa 'yata jami'a

Da sakamakon BAK ya fito 'yata ta ci seri C da daraja mai kyau, sai gida ya cika da masu shawara. Yayana ya kafe a kan jami'ar Sorbonne ta Paris, wai in ba can ba an yi asarar ƙwaƙwalwa. Shi kuwa sunan kawai ya sani, ko abin da ake koyarwa a ciki bai tambaya ba. Don a raba gardama na kai ta wani ofishin ba da shawara kan karatun waje a nan Yamai. Zama uku, jikka 75.

Zaman farko bai yi mini ba. Wani saurayi ya juyo mana kwamfuta, ya buɗe jerin Shanghai, mai jera jami'o'in duniya bisa daraja, yana nunawa da biro: ga Harvard a sama, ga Paris-Saclay cikin 20 na farko. Na ce, "Ɗana, da wane mudu aka auna su?" Ya yi ta kame-kame. A hanyar gida yarinyar ta duba a wayarta. Ashe jerin, wanda aka fara a 2003, yana ƙirga kyautar Nobel da lambar Fields ta lissafi da binciken da aka buga a mujallun Nature da Science. Ba ruwansa da ko malami na da lokacin 'yar shekarar farko.

A zama na biyu ne kuɗina suka yi rana. Wata madam ce, tsohuwar malamar lise, tabarau a ƙarshen hanci. Ba ta ko taɓa kwamfutar ba. Ta ce, "'Yata, in kin gama, wane aiki kike so ki tashi da safe ki tafi?" Yarinyar ta ce ruwa, haƙar foraj, don ta ga yadda kakarta ke shan wahalar rijiya a ƙauyenmu na jihar Tawa. Ni ubanta ban taɓa jin wannan daga bakinta ba.

Madam ta ja takarda ta yi lissafi a gabana. A lokacin bizar karatu a Faransa na neman shaidar Yuro 615 kowane wata, sama da jikka 400 ke nan, ga ofishin jakadancinsu a Yamai a rufe tun Janairun 2024. Sannan ta kawo 2iE ta Wagadugu, makarantar injiniyoyin ruwa da muhalli da ƙasashenmu suka kafa tare, har da Nijar. Takardar digirin makarantar, CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashenmu na Afirka, ta amince da ita, hukumar da ke tantance digirin injiniya a Faransa ma haka. Duk da haka madam ba ta rage wa suna daraja ba. Ta ce, "Alhaji, da dakta a lissafi take so, da ni zan ce ka sayar da fili ka kai ta Paris. Can suna na buɗe ƙofa. Amma mai ɗaukar injiniyan ruwa a nan zai tambayi inda ta yi aikin gwaji da wanda ya koyar da ita."

Zama na uku cike takardu ne kawai, ba wani abu.

Yarinya tana Wagadugu yanzu. Yayana har yau in an tambaye shi sai ya ce "tana waje", ya yi shiru.

Ofishin na ba su uku bisa biyar. In za ku je, ku nemi madam tun daga bakin ƙofa, kuma kofi kawai za ku ba su na takardun yaro. Takardar makin 'yata ta asali sai da na yi musu sawu huɗu cikin zafin rana kafin ta fito daga wata durowa.