Hasumiyar Belem a Lisbon: kuɗin tikitina bai faɗi ƙasa banza ba

Wanda ya je Hasumiyar Belem da niyyar ganin kayan sarauta a ɗakunanta zai fito ba daɗi, don cikinta kusan wayam yake. Ni ginin kansa na je gani, kuma ya biya ni.

A bakin Kogin Tagus take, inda jiragen ruwa ke shigowa Lisbon. Sarki Manuel na Ɗaya na Fotugal ne ya sa aka fara ta a 1514, aka gama wajen 1520, don tsare mashigar birnin. Maginin, Francisco de Arruda, ya yi aikin ganuwoyin Fotugal a gaɓar Maroko, kuma hannunsa bai ɓuya ba. 'Yan ɗakunan masu gadi da ke kusurwoyi, da ƙananan ƙubbobinsu masu tsaga-tsaga kamar ɓararren lemo, ina ganinsu gine-ginen Arewacin Afirka suka faɗo mini a rai. Na daɗe tsaye ina shafa igiyar da aka sassaƙa da farin dutse ta kewaye bango, har da ƙullinta, sai ka rantse ta jirgi ce.

A ƙasa, inda aka jera igwa, kowace bakinta na duban ruwa ta wata 'yar taga, nan na gane ba don ado kaɗai aka yi ta ba. Ƙarƙashin nan akwai ɗakuna masu gajeren rufi, dole ka sunkuya. Bayan sojojin Sifaniya sun karɓe ta a 1580, an riƙa tsare fursunoni a cikinsu. Sanyi da danshin wurin sun taɓa mini zuciya ƙwarai.

Kada ka tafi ba ka nemi kan karkandar da ke jikin bango ta waje ba. Iska da gishiri sun cinye ta, amma tana tuna karkandar da aka kawo wa Manuel daga Gujarat ta Indiya a 1515.

Matakalar sama matsattsiya ce, tana murɗewa, mutum ɗaya take ɗauka, shi ya sa ake hawa da sauka bi da bi. Tsayin ya kai kusan mita 30, mai ciwon gwiwa ya haƙura da ƙasa. Tun 1983 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya, jama'a kuwa ba a magana, don haka a yi sammako.