Sharhi: yawon ƙafa a tsohuwar unguwar Jamusawa ta Swakopmund

Aiki ne ya kai ni Namibiya. Da na samu rarar yini guda, sai na biya kuɗin yawon ƙafa na awa biyu tare da ɗan jagora a Swakopmund, garin bakin teku da Jamusawa suka kafa a 1892. Mun fito da sassafe, hazon teku ya rufe gari, sanyi na ratsa ƙashi.

Gidan Woermann da ke titin Bismarck shi ya fi tsaya mini a rai. An gina shi a 1905 don kamfanin kasuwanci na Damara da Namaqua, kamfanin Woermann ya saye shi a 1909. Yana da tsakar gida mai sanyi da baranda kewaye, sai wata hasumiya da ake kira Damara. Can sama ake tsayawa a da, a hango jiragen ruwa daga teku, a kuma hango amalanken shanu daga hamada. Na hau, ina haki. Wallahi hawan ya biya: nan ruwa iya ganinka, can tuddan yashin Namib sun taho har gindin gari. Gidan ya taɓa zama ɗakin kwanan ɗalibai, ya lalace har aka so rushe shi, aka gyara a shekarun 1970.

Jagoran namu ya san aikinsa, kuma yana da haƙuri da masu ɗaukar hoto. Ya kai mu gidan Hohenzollern mai gunki a ka, ya nuna mana titin Kaiser Wilhelm da ya koma titin Sam Nujoma.

Inda ya gaza kuwa ya dame ni. Bai ce uffan ba kan sansanin da Jamusawa suka tsare 'yan ƙabilar Herero a wannan garin lokacin kisan ƙare dangi na 1904 zuwa 1908, alhali kamfanin jiragen Woermann na cikin waɗanda suka ci gumin fursunonin. Sai da na tambaya, ya amsa a gurguje, ya wuce. 'Yan Kamaru ma sun san sunan nan, domin da hannun mutanen Woermann aka ƙulla yarjejeniyar Duwala ta 1884, wadda ta sa yankin ƙarƙashin Jamus.

Idan za ku je, ku tambaya tun kafin ku biya ko yawon ya haɗa da maƙabartar gefen gari, inda aka binne fursunonin da suka mutu a sansanin. Ni da tasi na je da yamma. Kaburbura ne birjik, tarin yashi kawai, babu suna.